Shaidar Ƙarfe da Abin da Ta Yi Shiru a Kansa

A ƙasashen Ingila da Amurka, da wasu sassa na Turai, akwai wata jama'a wadda yawanta bai taka kara ya karya ba, amma tana da naci da haƙuri irin wanda ba a cika samu ba sai a wurin ɗaliban ilmi, ita ce jama'ar masu tara tsofaffin bindigogin soja tare da banatinsu, watau wuƙar nan da soja yake cusawa a bakin bindiga idan abokin gaba ya matso har numfashi ya haɗu. Mutum daga cikinsu, wanda galibi bai taɓa halartar fagen fama ba, yakan ƙarar da shekaru da babban rabo na dukiyarsa wajen neman bindiga guda wadda aka ƙera a wata maƙera ayyananniya cikin wata shekara ayyananniya, in kuwa ya same ta sai ya kwance ta gaɓa gaɓa, ya wanke mata tsatsa da tsohon mai, ya duba kowane ƙusa da gilashin ƙara girma, sa'an nan ya mayar da ita yadda take ya rataye a bango, ba da nufin ya harbi kowa ba. Suna da ƙungiyoyi da mujallu da kasuwannin gwanjo, suna da manyan malamai waɗanda maganarsu take yanke gardama, suna kuma da littattafan da ake komawa gare su kamar yadda almajiri yake komawa ga sharhi.

A shekarar 2003 wani kamfanin dillancin tsofaffin makamai ya saye abin da ke jibge a cikin wani tsohon gidan sarauta mai suna Lagan Silekhana a Katmandu, babban birnin Nefal, inda hukumar ƙasar ta tara makaman da ta daina aiki da su tun zamanin kakanni, aka fitar da bindigogi fiye da 50,000, waɗansu ƙirar Ingila waɗansu ƙirar maƙeran ƙasar, aka yi jigilarsu zuwa kasuwannin Yamma, har ya zamana malamin makaranta ko mai gyaran mota yana iya mallakar irin bindigar da aka ci rabin duniya da ita. Wannan ya sa mas'alar da nake so in yi bahasi a kanta ta wuce sha'anin 'yan tsirarun attajirai. Mas'alar kuwa ita ce: shin ya dace da mutum mai imani da hankali ya so abin da ba a ƙera shi don kome ba sai don zubar da jinin ɗan Adam, ya goge shi, ya yi masa ado da wuri, ya riƙa nuna wa baƙi yana murna? In kuwa ya dace, da wane sharaɗi?

Wajibi ne tun da farko a ba waɗannan mutane haƙƙinsu, domin wanda ya ɗauke su masu wasa da makami kawai bai san su ba. Abin da suka ƙware a kai shi ne karatun ƙarfe. Gwamnatocin Turai na ƙarni na 19, saboda tsoron ha'incin 'yan kwangila da satar sojoji, ba su bar wani muhimmin sashe na bindiga ba tare da sun buga masa hatimi ba, har kowace bindiga ta zamo tana ɗauke da tarihin haihuwarta a jikinta. Ɗauki Martini-Henry, wadda rundunar Ingila ta karɓa a 1871. A gefenta na dama akwai kambin sarauta, ƙarƙashinsa haruffa biyu, V da R, alamar Sarauniya Biktoriya, sa'an nan sunan maƙerar, ko Enfield ta gwamnati ko ɗaya daga cikin kamfanonin Birmingham da Landan, sa'an nan shekara, sa'an nan lambar da ke nuna ko ƙirar farko ce ko ta biyu har zuwa ta huɗu. A kan bututun akwai hatimin gwaji, wanda ba a bugawa sai an ɗura mata albarushi fiye da ƙima an harba ba ta fashe ba. Akwai ƙananan hatimai na masu duba aiki, kowanne da lambarsa, domin in aibi ya bayyana a san wuyan wanda za a kama. Akwai alama mai siffar kan kibiya wadda ke nufin kayan gwamnati ne, in kuwa aka ga kibiya biyu sun haɗa kai, to an sallame ta daga aikin soja an sayar. A ƙota kuma sau da yawa akan sami lambar rundunar da ta riƙe ta. Faransawa sun fi haka ƙawa, gama a gadon bayan banatin Chassepot ta 1866 da na Gras ta 1874 sukan zana sunan maƙera da wata da shekara da rubutu mai lanƙwasa, mai lura kuwa yakan ga cewa lafazin da ke jingina maƙerar ga sarki ya ɓace daga rubutun bayan 1870, shekarar da aka kama Napoleon na Uku a Sedan mulkinsa ya faɗi. Bindigogin Japan suna da fure mai ganye 16, tambarin gidan sarautarsu, wanda aka kankare daga mafi yawan waɗanda aka miƙa bayan saranda ta 1945, don kada alamar sarki ta shiga hannun abokin gaba. Waɗanda Daular Usmaniyya ta sa aka ƙera mata a Amurka, ta yi yaƙin Filebna da su a 1877, suna ɗauke da tambarin Sarkin Musulmi na Istambul. Ashe tashin dauloli da faɗuwarsu yana nan rubuce a wurin da bai fi faɗin babban yatsa ba, ga wanda ya iya karantawa.

Inda akwai kuɗi kuma akwai jabu, a nan ne ilmin nan yake nuna ƙarfinsa. A yankin duwatsun da ke tsakanin Fakistan da Afganistan, musamman garin Darra Adam Khel, maƙera sun fi shekara ɗari suna kwaikwayon bindigogin Ingila da guduma da magagari, har da hatimansu, da farko don biyan bukatar mutanensu, daga baya kuma kayan suka riƙa kwarara zuwa Amurka a jakunkunan sojojin da suka yi aiki a Afganistan, suna zaton sun sayo na asali. Masani yakan gane su da laushin ƙarfe da karkatar haruffa, yakan ga harafin N a juye a cikin sunan Enfield, amma hujjar da ta fi kowace yanke magana ita ce ya ga alamar Sarauniya Biktoriya a haɗe da shekarar da ta biyo bayan 1901, alhali a watan Janairu na shekarar nan ta rasu. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ji wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare shi. An ruwaito cewa a Bagadaza, zamanin halifa Alƙa'imu, aka kawo wa waziri wata takarda da ake da'awar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa mutanen Haibara ita yana ɗauke musu jiziya, ga sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Da aka nuna wa Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan hijira, sai ya ce ƙirƙirarriya ce, domin a cikin shaidun akwai Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai shekarar buɗe Makka, bayan Haibara, akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu bayan yaƙin Handaƙu, kafin Haibara da kusan shekara biyu. Hanya ɗaya ce: a auna da'awa da tarihi, a ga ko mai hatimi yana raye ranar da aka ce ya buga. Al'ummar da ta gina ilmin rijalu da jarhi da ta'adili ba ta da damar raina mutanen da suka ƙi karɓar labari sai da tahaƙiƙi, ko da a kan ƙarfe ne.

Game da asalin hukunci kuwa, ban ga wahala a ciki ba. Imamu Buhari ya fitar a cikin Sahihinsa cewa bayan an kashe Abdullahi ɗan Zubairu, halifa Abdulmaliki ɗan Marwanu ya tambayi Urwatu ko zai iya gane takobin mahaifinsa Zubairu ɗan Awwamu, ya ce zai gane, aka tambaye shi da wace alama, ya ce akwai wani giɓi a kaifinsa wanda ya samu ranar Badar. Halifa ya gaskata shi ya mayar masa da takobin. Hishamu ɗan Urwatu ya ƙara da cewa daga baya sun yi wa takobin ƙima a tsakaninsu dubu uku, wani daga cikin dangi ya ɗauka, shi kuwa ya yi ta burin da ma shi ya samu. To ga ganewa da alama, ga yin ƙima, ga begen mallaka, duka a gidan tabi'ai, ba wanda ya yi inkari. Shi dai Buharin ya ƙulla babi a kan abin da ya saura na sulken Annabi da sandarsa da takobinsa da zobensa, da yadda halifofi suka adana su bayansa. Alƙur'ani ya ambaci ƙarfe a surar da ke ɗauke da sunansa a matsayin abin da ya haɗa tsananin ƙarfi da amfani ga mutane, ya kuma lissafa saƙar sulke cikin ni'imomin da aka yi wa Annabi Dawuda. Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, Nana A'isha tana kallo. Mu ma kowace sallah muna fita kallon 'yan bindigar sarki suna tashin bindigar toka a hawan daba, ba mu taɓa jin malami ya hana ba. Ƙarfe ba mukallafi ba ne, ba a rubuta masa zunubi, kuma asalin abubuwa halacci ne sai dalili ya zo.

Sharuɗɗan da fiƙihu zai gindaya sanannu ne: kada abin ya kai ga israfi har iyali su rasa haƙƙinsu, kada ya zama hanyar alfahari, kada a nuna wa mutum bakin makami ko da wasa, gama hani ya zo da tsanani a kan wannan, kada kuma a saɓa dokar ƙasa, wadda a Nijeriya tun 1959 ta ɗaure mallakar bindiga da lasisi. Malamanmu na mazhabar Maliku, waɗanda suka fi kowa riƙo da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, sun hana sayar da makami a lokacin fitina, kuma zamani ya gaskata su a inda ba a zata ba: dokar Ingila ta daɗe tana barin mutum ya ajiye tsohuwar bindigar da aka daina ƙera harsashinta ba tare da takarda ba, sai ga shi a 2017 wata kotu a Birmingham ta ɗaure wani dillali shekara 30 saboda yana haɗa wa irin waɗannan bindigogi harsashi da hannunsa, kayan suna ƙarewa a hannun gungun miyagu masu aikata laifi, har dole ta sa aka ƙara tsaurara dokar a 2021. Ƙasar da jini yake zuba a dazuzzukanta kamar tamu a yau ta fi kowa bukatar wannan taka tsantsan.

Sai dai fiƙihu zahiri yake hukuntawa, alhali akwai wani ilmi, wanda su Imamu Gazali suka ba da rayuwarsu gare shi, mai tambayar abin da aiki yake yi wa zuciyar mai yinsa ko da aikin halal ne, kuma a nan ne damuwata take. Hatiman nan da na lissafa, in ka tara su duka, tambaya ɗaya suke amsawa, ita ce daga ina wannan ƙarfe ya fito. Sun faɗi maƙera, sun faɗi shekara, sun faɗi mai dubawa da rundunar da ta karɓa, silsila ce mai haɗe wadda ba ta da yankewa tun daga wutar maƙera har zuwa kafaɗar soja. Amma daga bakin bututun zuwa gaba babu hatimi ko ɗaya. Ba a taɓa yin ofishin da aikinsa shi ne buga sunan wanda harsashi ya sama ba. Saboda haka mai tarawa, kome zurfin ilminsa, isnadi ingantacce ne a hannunsa wanda ba shi da matani, ya san maruwaita ɗaya bayan ɗaya, bai san abin da suka ruwaito ba. Zai iya gaya maka cewa Lee-Metford ta 1888 ita ce bindigar Ingila ta farko mai ɗaukar harsashi da yawa a ciki ɗaya da aka raba wa rundunar gaba ɗaya, ya bayyana maka yadda sabon albarushi mara hayaƙi ya cinye tsagin bututunta har aka sake shi a 1895 aka sami Lee-Enfield. Wannan duka gaskiya ne, amma gaskiyar da ta fi shi nauyi ita ce a safiyar 2 ga Satumba 1898, a filin Karari kusa da Umdurman, sojojin Ingila da ke riƙe da irin wannan bindiga, da na Masar da Sudan da ke riƙe da Martini-Henry, tare da igwa da bindiga mai ruwa, sun kashe mutanen Halifa Abdullahi fiye da 10,000 kafin azahar, su kuwa mamatansu ba su kai 50 ba. Ko ɗaya daga cikin dubban nan bai bar alama a jikin ƙarfe ba.

Lamarin banati ya fi wannan tsanani, shi ya sa nake ganin mai tara shi ya fi bukatar tsayawa ya yi wa kansa hisabi. Mai harbi daga nesa yana iya cewa bai ga fuskar kowa ba, amma banati ba ya aiki sai an ga fuska, an ji murya, an sa ƙarfin damtse wajen shigarwa da wajen zarewa. Na Ingila na 1907, mai tsawon inci 17, an tsawaita shi ne don ya rama gajartar sabuwar bindigar, kada sojan wata ƙasa ya riga kai hannu. Na Lebel ta Faransa, ta 1886, ba shi da kaifi ko kaɗan, tsinke ne mai kusurwa huɗu wanda ba ya yanka igiya ba ya yanka gurasa, ba shi da wani aiki a duniya sai huda. Jamusawa sun yi wani mai haƙoran zarto a baya don sojojin da ke sare itace da shinge, sa'an nan a tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, da magana ta bazu cewa duk wanda aka kama da shi ba a barinsa da rai, suka bi suka goge haƙoran, yau kuwa masu tarawa sun kasa shi kashi biyu, mai haƙora da wanda aka goge, kowanne da farashinsa. Turawan da suka halarci Umdurman da kansu sun ruwaito cewa an bi masu rauni an ƙarasa da yawa daga cikinsu a kwance. Wanda ya riƙe irin wannan wuƙa a hannunsa, bai ji kome ba sai daɗin kyawun ƙira da cikar lambobi, lalle wani abu ya yi barci a cikin zuciyarsa, kuma wannan barcin shi malamai suke kira gafala.

Kasuwar ma tana da wata ɗabi'a wadda take ƙara mini tsoro. Abu biyu ne suke ɗaga farashi: ko bindiga ta zamo sabuwa fil ba a taɓa raba ta ga soja ba, ko kuwa a iya jingina ta ga wani yaƙi mai suna. Tun da aka yi fim a 1964 a kan tsaron da 'yan tsirarun sojojin Ingila suka yi a Rorke's Drift a Janairun 1879, a ranar da Zulu suka hallaka musu mutum fiye da 1,300 a Isandlwana, duk Martini-Henry da ke ɗauke da lambar runduna ta 24, wadda ta yi wannan tsaro, ta zama abin rububi, har maha'inta suka shiga buga lambar a kan bindigogin da ba su taɓa ganin Afirka ba. Sunayen mutum 11 da aka ba babbar lambar jaruntaka a wannan tsaro suna bakin kowane mai tarawa, ɗaruruwan Zulu da aka binne a manyan ramuka kuwa adadi ne kawai. Urwatu ya san giɓin takobin mahaifinsa, ya san ranar, ya san dalilin da aka fita, ya san waɗanda suka tsaya a sahu biyun da sunayensu da danginsu, domin da yawa daga cikinsu 'yan uwan juna ne; saninsa cikakke ne, shi ya sa ƙaunarsa ga takobin ba ta da aibi.

Mai karatu zai iya cewa, in haka ne, ai gara a tara su duka a narke a yi garma. Ban yarda ba, kuma dalilina daga Littafi da Sunna yake. Allah ya tsirar da gawar Fir'auna don ta zama aya ga na baya, ya kuma yi ta umurni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, wanda ba ya yiwuwa in an share kufansu. Da Annabi ya bi ta Hijiru, mazaunin Samudawa, a hanyarsa ta zuwa Tabuka, bai sa a rushe gidajen ba. Abin da ya yi shi ne ya hana a shiga sai da kuka da tsoron kada abin da ya same su ya sami mai shiga, ya rufe kansa ya gaggauta tafiya. Hukuncin a kan halin mai kallo ya faɗa, kufan kuwa aka bar su. Haka nan tsohon makami shaida ne, kuma ɓatar da shaida ba ya amfanar kowa sai mai laifi, domin mutanen da ba su taɓa ɗaga bindiga mai nauyin kilo huɗu ba, ba su taɓa ganin tsawon banati da idonsu ba, su ne suka fi saurin yarda da mai kiran yaƙi. Kuma adalci ne a faɗi cewa a cikin masu tarawa akwai waɗanda suka kai wannan matsayi: akwai wanda yake ajiye Lee-Enfield domin kakansa yana cikin fiye da 19,000 na sojojin Ingila da suka mutu a rana ɗaya, 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Somme, ya bi lambar runduna har ya gano sunayen samarin da ƙauyukansu. Wannan ya nemi matani ya haɗa da isnadi, ba ni da abin faɗa a kansa sai yabo, illa dai in roƙe shi ya tsallaka ya nemi sunayen waɗanda ke ɗaya gefen.

Mu Hausawa kuwa matsayinmu a wannan bahasi ya fi na kowa wuya, domin bindigar da Bature yake ratayewa a ɗakinsa muna da kakanni a bakinta, muna kuma da kakanni a gindinta. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai suka haɗa baki a kan hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, suka bar mana bindigar toka da albarushin kasuwa, saboda haka ranar da aka haɗu ba a haɗu da makami ɗaya ba, duk da ƙoƙarin irin su Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya sa aka riƙa haɗa albarushi da ƙera igwa a Zindar. Amma rundunar da Kanar Morland ya kawo ta fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 Turawan cikinta ba su wuce 40 ba, sauran fiye da 700 baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke ji, da Hausa kuma ake ba su umurni. Su ne suka tsaya a Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada, su ne suka tsaya a bayan Sakkwato ranar 15 ga Maris, su ne suka shiga Burmi ranar 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa. Asalin wannan runduna kuwa yana komawa ga 'yan tsirarun da wani Bature mai suna Glover ya ɗauka a Ikko a 1863, waɗanda galibinsu bayi ne masu jin Hausa da suka gudu daga iyayengijinsu. Wanda kuma zai yi musu hukunci da cin amana sai ya fara amsa tambayar wane ne ya sayar da su tun farko har suka tsinci kansu a bakin teku. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka ɗauki Lee-Enfield zuwa Kamaru da Afirka ta Gabas, sa'an nan zuwa dazuzzukan Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82, da yawa ba su dawo ba.

A Satiru, kudu da Sakkwato, abin ya fi kowane ɗaci. A watan Fabrairu na 1906 talakawa da bayin da suka gudu, riƙe da gatura da fartanya da baka, suka fatattaki sojan doki na Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. A watan Maris aka komo musu da runduna, tare da goyon bayan masu sarauta na ƙasar, aka kashe mutane masu yawan gaske, aka rushe garin aka hana sake zama a cikinsa. In har wata bindiga daga cikin waɗanda aka harba a ranar tana rataye yau a wani ɗaki a Turai, hatimanta za su faɗi Enfield, su faɗi shekara, watakila su faɗi runduna, mai ita kuma zai yi rantsuwa cewa ya san kome game da ita, alhali wanda ya ja kunamarta da wanda ya faɗi a gabanta mai yiwuwa salla ɗaya suke yi, harshe ɗaya suke magana.

Wannan rabin da ya ɓace ba ya cikin littattafan masu tarawa, ba kuwa za su iya samo shi ba ko sun so, domin a hannunmu yake, a cikin waƙoƙin malaman da suka ga zuwan Nasara, da wasiƙun sarakuna da aka adana a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardu ta Kaduna, da bakin tsofaffin da suka ji daga kakanninsu. Abin baƙin ciki shi ne mu da muke da matani mun yi sakaci da ƙarfen, su da suke da ƙarfen ba su da matani. A gidajen sarauta da gidajen tsofaffin mayaƙa da zuriyar sojojin Bama akwai takubba da sulke da bindigogi da banati waɗanda tsatsa take ci a zaure, in mai gida ya rasu a sayar wa mai gwangwan da nauyi, ba wanda ya rubuta ko na wane ne. Abin da nake kira gare shi shi ne gidajen tarihinmu, irin Gidan Makama na Kano da takwarorinsa, su ɗauki samari su koyi karatun hatimi daga waɗancan masana ba tare da girman kai ba, gama hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, sa'an nan su karɓi irin waɗannan makamai bisa doka, su rubuta wa kowanne takarda mai fuska biyu, ɗaya ta maƙera da shekara da runduna, ɗaya ta wanda ya riƙe da inda aka kai shi da waɗanda aka nufa da shi, da suna in an samu. Aikin zai bukaci tafiya, domin zuriyar waɗanda suka tsira daga Burmi sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau, kuma duk wanda yake son ya ji abin da ya faru a gaban bututun ranar 27 ga Yuli sai ya je can ya zauna gaban dattawansu da alƙalami.